Kalmar da Dada Ba Ta Faɗa

To, ga shi na rubuta. Daga yau duk wanda ya ƙara tare ni a bakin masallacin Limawa ko a teburin mai shayi ya ce "Habu, yaya Sudan?" takardar nan zan miƙa masa in wuce. Wata biyu da dawowata, bakina ya gaji. Kuma na san ku, ba don Allah kuke tambaya ba. Ɗanliti so yake ya ji ko na auro Balarabiya na ɓoye. Bala Fanka so yake ya ji ko da gaske a raƙumi ake zuwa aji. Sauran kuwa, tunda aka fara zancen shari'a a jihar nan, sun mayar da ni mai ba da fatawa. Ni da na gudu daga sakandare a aji huɗu, na yi shekara uku ina acaba tsakanin sakatariya da tasha, wai ni ake tambaya hukuncin gado. Dalla ku rabu da ni.

Yadda aka yi na tafi ma kun sani. Wata ƙungiyar addini ce ta kawo gurbin koyon Larabci na shekara biyu a Khartum, Baba ya ji labari a ofis, ya sa sunana ba tare da ya tambaye ni ba. A lokacin na fasa wa wani ɗan kamasho baki a tasha, maganar ta kai gida. Baba ya ce ko Sudan ko ƙauye wajen shanu. Na zaɓi Sudan don an ce a jirgin sama za a tafi.

Ana gobe tafiya Dada ta aiko a kira ni. Ga wanda bai san gidanmu ba, Dada ita ce kakata, mahaifiyar Baba. Tun da shanu suka ragu aka dawo da ita Limawa daga ruga, idonta kuma ya yi hazo, sai dai ta gane ka da murya. Hausarta ma daban ce, mun sha yi mata dariya. Ba ta iya cewa "tsaya" sai "saya". Kowa a duniya yana cewa "ba ka isa ba", ita sai ta ce "ba ka kai ba". Ka cika ta da surutu, maimakon "ya isa haka" sai ka ji "ya wadatar". Mu dai mun ɗauka Fillanci ne yake riƙe mata harshe.

Na same ta da rikodar Baba a gabanta. Ashe tun hantsi ta kulle ɗaki ta yi magana a kaset. Ta naɗe shi a ƙyalle ta ƙulla, ta laluba hannuna ta danƙa mini.

"Ka kai wa na gabas," in ji ta.

Na gabas shi ne ɗanta na fari, yayan Baba. Ya tafi Hajji ta ƙasa tun Baba yana ɗan shekara bakwai, bai dawo ba. Wasiƙa ɗaya aka taɓa samu, daga wani gari Kasala, ita ma tun kafin a haife ni.

Na ce, "Dada, Sudan fa ba Shuwarin ba ce da zan zaga kasuwa in gan shi."

"Ban aike ka turare ba, ban aike ka dabino ba. Ka kai masa, ka karɓo mini muryarsa. Ido ya tafi, kunne ne ya rage, shi ma ban san kwana nawa zai yi ba."

Na fito na tambayi Baba sunansa. Yana ɗaure mini jaka, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Yaya Dikko mana." Na rubuta a bayan fasfo da fensir: Baffa Dikko, Kasala. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jirgin sama kuwa ƙarya ce. Da muka taru, wakilin ƙungiya ya ce an samu ɗan canji, ta mota za a bi, ai tafiyar ƙasa ta fi lada. Shi mai ladan bai biyo mu ba, a tasha ya yi mana addu'a ya koma gidansa. Mu biyu ne daga Jigawa, ni da wani Nasiru mutumin Garki, irin salihan nan masu ɗage wando da littafi a hammata. Tun daga Kiyawa ya fara ce mini "Malam Abubakar". Na ce masa Habu nake, in ya ƙara sa mini malam zan sauka a Azare.

Har Maiduguri lafiya lau, ƙasarmu ce, kowa ya zage ka kana ji. Daga Gamboru aka fara wulaƙanci. Ɗan tsakanin nan na Kamaru da bai fi tafiyar yini ba, an sauke mu ya fi sau shida. Sai gadar shiga Njamena. Nan Nasiru ya ga ranar da ya daɗe yana jira, ya gyara murya ya gaida wani mai kaki da Larabcin littafi, irin wanda liman yake huɗuba da shi. Mutumin ya kira abokansa, ya ce a maimaita. Nasiru ya maimaita. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan suka zazzage jakunkunanmu a ƙasa.

Mai kakin ya ɗauki ƙullin Dada ya kwance. Da hannu ya nuna mini cewa ya ƙwace. Wallahi ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba. Nasiru yana ta "Malam Abubakar, bindiga ce fa a kafaɗarsa." Na ce na gani, ba makaho ba ne ni. Da Hausa na zazzage masa, ban bar komai ba, shi ma yana yi da nasa yaren. Da na ga abin zai lalace, na zaro kaset ɗina na waƙar Indiya guda biyu, masu hoton 'yan mata a bango, na ɗora masa a tebur. Ya dubi na hannunsa, kaset fari ba hoto, ya dubi nawa. Ya wurgo mini na Dada. Daga ranar na daina sa shi a jaka, aljihun gaban riga ya koma.

Daga Njamena zuwa Abeshe a saman babbar mota muka yi, kan buhunan albasa. Duk wanda ya ce mini yana son albasa a ƙwai yanzu sai in ji kamar in mare shi. A wannan hanyar na koyi kalmar Larabci ta farko, kuma ita ce ta fi kowace amfani a can: bukra, wato gobe. Yaushe za mu tashi? Bukra. Yaushe za a gyara taya? Bukra. Direban ya kwanta a ƙarƙashin mota yana shan shayi, mu muna soyuwa a sama kamar gyaɗa. Na sauko na ce masa a garinmu da yanzu fasinja sun ƙona motar. Nasiru ya fassara masa da cewa wai ina yi masa sannu da aiki. Sai daga baya ya gaya mini, na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Muka ƙetare a Adire muka shiga Janaina, daga nan Niyala, daga Niyala jirgin ƙasa. Jirgin nan, Bala, in ka sauka ka kama ruwa ka yi alwala, da ɗan gudu kaɗan za ka cim masa. Ciki ya cika, muka hau rufi tare da masu awaki. Wani tsoho ya ɗaure ni da rawaninsa a jikin ƙarfe don kar in gangaro in gyangyaɗi ya ɗauke ni. Bai san ni ba, ban san shi ba. Wannan zan faɗa musu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Da muka sauka a Khartum na ƙirga, kwana goma sha tara rabona da Dutse. Jirgin sama ke nan.

Makaranta kuwa, ɗaki ɗaya mu takwas, gadon igiya, fanka ɗaya mai juyawa in ta ga dama. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana dukanka daga sama, nasu daga ƙasa yake tasowa ya shiga wando.

Abinci shi ne ya fara haɗa ni faɗa da su. Ka tashi da asuba, ba koko ba ƙosai, shayi ne tsura a ɗan kofin gilas. Sai ƙarfe sha ɗaya a ce za a karya kumallo. Sha ɗaya fa. A Dutse ƙarfe sha ɗaya na yi lodi goma ina neman na rana. Kuma me za a kawo? Ful. Wani ƙaton wake ne da ake dafawa har ya gaji da rayuwa, a dame shi da gindin kwalba, a zuba man riɗi, mutum shida su sa hannu a kwano ɗaya da burodi. Yau ful, gobe ful, ranar Juma'a don a faranta muku rai sai a ƙara albasa. Na tambayi mai dafa abinci ko ba su san an ƙirƙiro shinkafa ba. Ya ce bukra.

Gaisuwarsu ma sai da ta kusa sa na yi dambe. Ranar farko wani ƙato ya nufo ni yana washe baki, ya dafa mini kafaɗa da ƙarfi. Na ja baya na dunƙule hannu. Nasiru ya riƙe ni, wai haka ake gaisawa, ka taɓa kafaɗarsa ya taɓa taka sannan a yi musabaha. Sannan a tsaya ana "lafiya, lafiya" kamar minti biyar ba wanda yake sauraron amsar wani. Wannan dai ba zan zage su ba, mu ma haka muke.

Abin da ban yafe ba shi ne "Fallati". Duk wanda ya fito daga wajenmu, Bahaushe ne, Bafillace ne, Babarbare ne, sunansa Fallati. Wani in ya faɗa suna ne kawai. Wani kuwa yadda zai karkace baki ka san ba suna yake nufi ba. Wani kwandasta ya faɗa mini a mota, na ce masa e, Fallati ne, kuma da kuɗina na hau. Gari guda da mutanen da ba za su ci abinci kana wucewa ba su ce bismilla ba, har su ja ka da hannu, a cikinsu kuma akwai mai kallonka kamar ka zo sata. Har na baro ƙasar ban gane kansu ba.

Duk wannan kaset yana aljihuna. Kasala tafiyar yini ce a mota, amma baƙo ba ya fita Khartum sai da takardar izini. Na je ofishin ya fi sau goma. Bukra. Shekara ɗaya da rabi ina bukra. Wasiƙa biyu na samu daga gida, kowacce a ƙarshe ƙanwata ta rubuta: Dada ta ce a tambaye ka ko ka kai. Ban amsa ko ɗaya ba, me zan ce?

Saura wata biyu mu gama sai makaranta ta ce za a kai mu yawon buɗe ido, kwana uku, kuma Kasala. Su suna son irin wannan fita, a ɗauki tukunya da rago a je gindin dutse a kafa tanti. Ni na fara rubuta suna.

Muna sauka na bar su suna kafa tanti, na ja Nasiru muka nemi unguwar Hausawa. Akwai su da yawa, jikokin waɗanda suka taho Hajji ta ƙasa suka maƙale. Hausarsu irin ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Larabci. Muka samu dattawa a wata rumfa, na durƙusa na gaishe su, na ce ina neman baffana, mutumin Jigawa.

Ɗaya ya ce, "Jigawa ta wane gari, yaro? Kowane gari da jigawarsa."

Na ce jiha ce. Suka dubi juna. Ba wanda ya taɓa jin an yi ta. Na ce to mutumin Dutse, sunansa Dikko.

Wani mai farin gemu ya ce, "Dikko wa?"

"Dikko dai."

"Ɗan nan, Dikko ai ba sunan yanka ba ne. Duk ɗan farin Bafillace Dikko ne. Ni ma a gidanmu Dikko nake. Wancan mai carbin ma Dikko ne. A nan ba mai kiran wani da shi, da sunan takarda ake sanin mutum. Mene ne sunansa na gaskiya?"

Na ce ban sani ba. Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma ni a lokacin da ma marina suka yi. Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba su ba ne. Gidanmu ne. Gida guda, mutum ya ɓata shekara talatin da wani abu, a aike ka ƙasa ta huɗu nemansa, a rasa mai buɗe baki ya faɗi sunansa. Uwa ba ta faɗa don ɗan fari ne, kunya. Ƙane ba ya faɗa don yaya ne, ladabi. Ni kuma jaki na ɗauko laƙabi na rubuta a fasfo na ƙetare iyaka uku da shi. In rubuta wasiƙa in tambaya, wata huɗu kafin amsa ta zo, ni kuma jibi za a mayar da mu.

Washegari da safe aka ce za a hau dutse. Duwatsun Kasala ba irin namu ba ne masu tsaga da wurin sa ƙafa. Sulɓi ne da su kamar an juye ƙwarya, ga tsawo. Malamin da ya kawo mu ya ce iyakarmu wajen wata rijiya da ke ƙasa-ƙasa, kar wanda ya wuce. Ni kuwa zuciya tana cina tun jiya. Na ce wa ɗaliban sunan garinmu ma Dutse, a kan dutse aka yanke mini cibiya, su tsaya su ga aiki. Nasiru ya ce, "Habu, don Allah." Ranar ce ya fara kirana Habu, ban ma kula ba.

Hawa ba wuya. Na yi nisa har mutane suka koma kamar ƙudaje. Na juyo zan ɗaga musu hannu, sai na ga abin da na hau. Ga wasu birai a gefe sun zauna suna kallona kamar sun biya kuɗin shiga. Na cire silifas na riƙe a baki, na fara saukowa da gindi. Wani wuri santsi ya kwashe ni, na juya na tafi da ƙirji, na ji ƙaras a aljihu. Ban ji zafin fatar da ta saɓule ba, ban ji wandon da ya yage har cinya ba. Ƙarar nan kawai na ji.

Da na sauko malamin yana ta faɗa, ɗalibai suna tafi wai ga mutumin Dutse. Na kwance ƙyallen. Kaset ya tsage biyu, zaren ya fito ya cukurkuɗe. Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, duk wanda Nasiru ya gaya wa na yi kuka ƙarya yake.

Shi ya ɗaga ni, ya ba ni zanen da yake shimfiɗawa na ɗaura a kan yagaggen wando, muka koma unguwar Hausawa neman mai gyaran rediyo. Muka samu wani a bakin kasuwa. Ya fasa wani tsohon kaset, ya kwashe zaren Dada a hankali ya mayar ciki, ya liƙe inda ya tsinke, ya naɗe da biro. Sannan ya ce sai an gwada. Na ce ba a ji, amana ce. Ya ce to in ɗauka haka, in ya ƙi yi kar in dawo. Na ce sa.

Kusan shekara biyu ina ɗauke da muryar nan ban taɓa ji ba. Sai ga Dada a tsakiyar kasuwar Kasala, a babbar lasifika. Ta yi sallama. Sannan ta ce, "Kai na gabas. In wannan magana ta i... ta same ka, to ina nan da rai." Ta lissafa waɗanda suka mutu. Ta ce an sayar da shanu saura bakwai. Ta ce, "Shekarun nan sun wadatar haka. Ban ce ka zo ba, na san hanya da nisa. Ka yi magana kawai in ji."

Na ce a kashe. Sai wata murya daga gefe ta ce, "Kar ka kashe. Mayar baya."

Wata tsohuwa ce mai sayar da shayi a jikin shagon, ana ce mata Hajja. Ta ajiye butarta ta matso.

Na ce, "Iya, wannan ba waƙa ba ce."

"Na ji ba waƙa ba ce, mai zane. Yaya sunanka?"

"Habu. Abubakar."

"Mai sunan na wajena. To rufe baki ka buɗe kunne. Kai mai gyara, mayar."

Aka mayar. "In wannan magana ta i... ta same ka."

Hajja ta ce, "Ka ji? Ta taka ta janye ƙafa. Me mutum zai ce a nan? In magana ta me?"

Nasiru ya ce, "Ta isa gare ka."

"Can gaba kuma ta ce shekaru sun wadatar. Wa yake cewa haka? Kai, a gida in kun dame ta, tana cewa ya isa?"

Na ce, "Ba ta taɓa ba. Hausa ce ba ta iya ba."

"Kai ne ba ka iya ba. Ni nan shekara arba'in ina sayar da shayi, ka tambayi kasuwar nan ko an taɓa jin na kira sunan abin da ake zubawa ya yi zaƙi. Mai zaƙi nake cewa, don ya yi kama da sunan na wajena." Mai gyara ya raɗa mini cewa Bukari ne ɗanta na fari. Ta harare shi ta ci gaba. "Matar nan ba ta ɓoye maka suna ba, ta bar maka gurbinsa. Ɗanta sunan Annabi ɗan Maryama gare shi."

Mai gyara ya ce, "Isa? Mai shekara kamar sittin, Bafillace? Ai ko Isa Kano ne, mai lambun ayaba a bakin kogi."

Isa Kano. Lokacin da ya bar gida Dutse a ƙarƙashin Kano take, ni kuma ina ta yawo ina neman mutumin Jigawa.

A lambu muka same shi da la'asar, ya naɗe jallabiya yana jan ruwa zuwa gindin ayaba. Ba sai an gaya mini ba. Kunnen Baba ne, tafiyar Baba ce. Na yi niyyar durƙusawa, gwiwata ta ƙi. Na gaishe shi a tsaye. Ya amsa da Larabci.

Na ce, "Baffa, da Hausa za mu yi. Daga Dutse nake. Jikan Dada ne ni."

Fartanyar hannunsa ta faɗi cikin ruwa. Ya ce, "Tana da rai?"

"Yanzu ka tambaya? Ga lambu, ga gida an ce da mata da 'ya'ya, takarda ce ta gagare ka? Mace tana zaune ido ya mutu, ko sunanka ba ta iya faɗa, kai kana nan kana ba ayaba ruwa."

Nasiru yana jan zanena ta baya. Na ce ya sake ni. Na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa babba ba, kuma bai katse ni ba. Da na gama ya zauna a kan kunya ya ce, "A gida me ake ce mini?"

"Na gabas. Wasu su ce Alhaji."

"To ka ji. Ban ƙetare ba, ɗana. Na kai bakin teku aka mayar da ni, ba takarda. Na ce baɗi. Baɗi ta zo na ce baɗi. Ita ta sayar da saniyarta ta gado ta sa ni a hanya, duk ruga aka rako ni. In rubuta in ce mata me?"

Na ce, "Wato kai ma bukra."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Har yau ban ce uzurinsa ya gamsar da ni ba. Ku kuna nan kuna neman fatawa, to ga tawa: wannan ba dalili ba ne.

Ya aika aka kawo rikoda daga gida. Ya karɓi kaset ya shiga cikin ayaba shi kaɗai. Muka zauna muna jira har rana ta yi ja. Da ya fito idonsa ya kumbura, ya miƙo mini wani kaset daban. Ya ce a haɗo mini ayaba da lemo. Na ce ba a aike ni ayaba ba.

Dawowa ba zan ba ku labarinta ba, hanyar dai ce, albasar dai ce. Illa kaset ɗin a cikin gwangwanin madara na sa shi, na cusa tsumma, kuma ko tudun tururuwa ban ƙara hawa ba.

Na shigo Limawa da hantsi. Kafin in ajiye jaka Dada ta ji muryata daga ɗaki. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta ce, "Ka kai?"

Na ce, "Na kai, Dada. Na karɓo."

Aka kawo rikodar Baba tsakar gida, kowa ya taru. Ita kuwa ta juya mana baya, ta jawo faifai tana tsintar wake, wai ba ruwanta. Wake da ido ba ya gani. Na danna. Ya yi sallama da Fillanci, ya faɗi sunansa da bakinsa, ya ce bai je Makka ba, ya ce ta yafe masa. Baba ya tashi ya shige ɗaki. Hannun Dada ya tsaya a cikin faifai.

Da ya ƙare ta ce, ba ta juyo ba, "Rikodar nan ba ta da ƙara. Ban ji ba."

Na mayar. Ya ƙare, ta ce kaji sun cika kuka. Na kori kaji na mayar. Na uku ba ta kawo dalili ba, hannu kawai ta ɗaga, na mayar. Da na huɗu ya ƙare na sa yatsa a kan maɓalli na ce, "Dada, in ƙara?"

Ta ajiye faifai. Sannan ta goge fuska da bakin mayafi ta ce, "Ya isa."

Ƙanwata ta dube ni, na dube ta. Ba wanda ya yi dariya.

Sudan ke nan. Ɗanliti, ban auro kowa ba.